Kwalba ta Tara a Gonar Mairo

Ranar Alhamis ɗin da aka kira ni Nahuce, kafin in isa gonar Inna Mairo rabin garin ya riga ni. Maza da mata sun cika kunyoyi, har da wani mai rake da ya ga taro ya kafa baro. Shekara talatin ina bin sawu, kuma har yau ban gane abin da ke sa mutane su fara tattake wurin ɓarna kafin su aika a kira ni ba. Na tsaya a bakin gonar ina kallon sawun silifa ya fi ɗari, raina ya ɓaci tun ban ce uffan ba.

Sunana Zaharaddeen, a Bungudu nake zaune. Da can sawun shanun sata nake bi. Yanzu sawun shanu daji yake shiga, inda mai iyali ba ya bi, don haka na koma neman awaki da baburan da suka yi ɓatan dabo.

Wadda ta aiko mini ita ce Dakta Suwaiba, ma'aikaciyar binciken ƙasar noma daga Gusau. Ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Akwai duwatsu da yashin da ke fitar da wani turiri mai cutarwa, ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma tunda aka cika haƙar ma'adinai a yankinmu aka sa su auna gonaki. A farkon damina ta binne kwalabe goma sha biyu a gonaki goma sha biyu, baƙaƙe, na roba, kowace kamar ƙaramar kwalbar turare. A cikin kowace akwai abin da ke haɗiye turirin yana ajiyewa. Da kaka ta tone su. Sha ɗaya lafiya lau. Ta tara, ta gonar Mairo, ta nuna abin da ya ninka sauran sau da yawa.

Sai dai ta zagaye gonar da na'urar hannu taku-taku, na'ura ta yi shiru. Wake da ƙasar da ta aika a gwada kuwa sai bayan mako shida za a ji sakamako. Shugabanninta sun ce su takarda suka sani: ranar Litinin kwamiti zai zauna, a binne waken Mairo duka, a hana noma gonar baɗi.

"Wani ya tone kwalbar nan, ya kai ta wani wuri, ya maido," in ji Dakta. "Ina da yaƙini, amma ba ni da hujja. Kwana huɗu gare mu."

Na nemi ganin kwalbar. Ta ce tana Gusau a kulle, mai makullin ya tafi biki, sai Asabar. Na kalle ta, na kalli sama, na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Na kori jama'a, ko in ce na matsar da su taku uku, na durƙusa a bakin ramin. Yana daf da iyakar gonar Mairo da ta maƙwabcinta. Ƙasar wurin ja ce, mai laushi. A can ƙasan ramin na yakuto ɗan yashi baƙi mai ƙyalli, bai cika cokali ba, amma ya fi ƙasar wurin nauyi a hannu. Na ƙulle shi a leda. Kafin in miƙe wata murya daga baya ta ce ai yashin 'yan haƙar zinari ne, wata ta ce Mas'udu, maƙwabcin gonar, sai sunan ya bi taron kamar an raba goro.

*

Inna Mairo ta haura sittin, gajera, mai saurin magana. Gonar gadon mahaifinta ce, ita ke kula da ita. Na same ta a tsakar gida zaune kusa da buhunan wake da aka ɗaure wa jan ƙyalle. Ta ce tun da labari ya fita ba wanda ya shigo ɗibar wuta gidanta. Jikokinta an hana su cin tuwonta. Da ta je suna, aka ba ta kwanon shanta daban. Wannan ne ya fi ci mata rai, ta faɗe shi sau uku.

Na tambaye ta wa ya san inda aka binne kwalbar. Ta ce duk garin, ai mai unguwa ya tara mutane ya yi sanarwa ranar da aka binne su. Na tambaye ta wa take zargi. Ta ce ita ba ta zargin kowa, sannan ta kwashe rabin awa tana ba ni tarihin rigimar iyaka tsakaninta da Mas'udu, da yadda Rabi'u dillalin wake na Tsafe ya yi alkawarin ɗaukar waken sannan ya janye.

Da zan fita na tsaya gaida maigidanta, Baba Attahiru, a maƙerarsa da ke ƙofar gida. Tsoho ne dogo, yana sanye da baƙin tabarau, an yi masa aikin ido a Gusau a farkon damina, ya yi mako uku a can. Yana zaune a kan wani tsohon buhu kusa da wuta, ya kamo bakin fartanya da awartaki yana juyawa. Ya amsa gaisuwata bai ɗago ba. Na ɗauka baƙin cikin abin da ya sami matarsa ne, na yi masa jaje na wuce.

*

Juma'a na hau mota zuwa Tsafe. Daga Bungudu sai ka ratsa Gusau, ka jira a tasha mota ta cika, ka zauna a matse tsakanin buhun albasa da wani mai waya da ba ya gajiya. Duk don in ga Rabi'u.

Na same shi a bakin hanya yana sa a ɗinke buhuna. Tunanina shi ne: wanda ya ɓata sunan wake zai iya dawowa ya kwashe shi a wulaƙance. Rabi'u ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in duba da kyau, tun da labarin ya iso Tsafe ba waken Mairo kaɗai aka ƙi ba, duk wanda ya ji an ce waken Nahuce sai ya ja da baya. Ya nuna mini buhu takwas a jingine da ya ɗauko daga wasu gonakin, ba mai taɓawa.

"Malam, in ni na shirya wanga abu, to kaina na yi wa," ya ce. "Kuma ni ko gonar ban san hanyarta ba. Ƙofar gida nike tsayawa a aza mini kaya."

Na tambayi masu ɗinkin buhu, na tambayi direban da ke masa jigila, duk bakinsu ɗaya. Na dawo Bungudu da ciwon baya da ƙafa a kumbure, ban ƙaru da komai ba sai sanin cewa ba waken mutum ɗaya ke cikin haɗari ba.

*

Mas'udu na iske shi Asabar da safe a bayan gidansa yana gyaran shinge, don an jefe masa na gaba da duwatsu. Magidanci ne mai shekara arba'in, ya yi shekara biyar a ramukan zinari kafin ya dawo noma. Na kwance ledata na nuna masa yashin.

Ya murza shi a yatsa, ya ce ya san shi. Shi ne ke saura a ƙasan kwano in an wanke ƙasa, su zubar da shi suke yi. Na tambaye shi ko ya taɓa kawo irinsa gari. Ya dubi shingen, ya ce bai tuna ba.

Na yi shekara talatin ina jin "ban tuna ba", na san mai gaskiya na san na ƙarya. Wannan na ƙarya ne. Amma da na ce masa mutane na shirin kai shi ga hukuma, bai firgita ba, bai kuma rantse ba, abin da mai laifi kan fara yi ke nan. Cewa ya yi rigimarsa da Inna Mairo a kan kunya biyu ce, kuma ba a kan kunya biyu zai sa a binne abincin tsohuwa ba. Na bar shi ina jin haushinsa, don na ga mutum ne da ke rufa wa wani asiri alhali duwatsu na sauka a gidansa.

*

Da azahar mai makulli ya ga dama ya dawo daga biki. Dakta ta kawo kwalbar gidanta a Damba, muka zauna a baranda, ta ajiye ta a kan faranti tare da ragowar sha ɗayan.

Na jera su a rana ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Sha ɗaya sumul suke, sai ƙurjewar ƙasa. Ta tara, mai lamba da jan fenti, tana da tabo biyu a wuya, ɗaya ta nan ɗaya ta can, an matse robar har ta lotsa. A tabon gefe guda akwai ɗan layi da ya tsallake, alamar bakin abin da ya kama ta yana da giɓi. Na tambayi Dakta da me ta ciro kwalaben. Ta ce da hannu, da me kuwa.

Na daɗe ina kallon tabon nan. Ni sawu na sani, kuma wannan sawu ne, sai dai ba na ƙafa ba. Wanda ya ɗauki kwalbar bai yarda ya taɓa ta da hannu ba. Ɓarawo ba ya tsoron abin da ya zo sata. Mai son cutar da Mairo ya san ko mene ne, shi ma ba zai ji tsoro ba. Duk wanda ya ji sanarwar mai unguwa ya san roba ce kawai. Saura wanda bai ji ba.

Na ce wa Dakta gobe ta zo Nahuce da na'urar hannunta da kwalba guda wadda ba a yi amfani da ita ba. Ta tambaye ni ko na gano mutumin. Na ce na gano, kuma da na san haka ne da ban je Tsafe ba.

*

Lahadi da hantsi mai unguwa ya tara su a gindin darbejiyar da ke gaban maƙera. Rabi'u ya zo daga Tsafe yana ƙorafin an hana shi kasuwa. Mas'udu ya zauna can gefe shi kaɗai, ba wanda ya matsa kusa da shi. Mairo na bakin zaure da mayafi. 'Yan kallo kuwa ba a gayyace su ba, amma ba su taɓa jiran gayyata ba. Baba Attahiru yana cikin rumfarsa a kan buhunsa, wuta a kashe.

Na fara da Rabi'u, na ce ba shi ba ne, asara ma ya yi. Na juya ga Mas'udu, na ce ya yi mini ƙarya guda ɗaya, amma ba shi ya tone kwalba ba. Aka fara gunaguni. Wani ya ce to yashin fa? Na ce a yi haƙuri, za a zo kan yashi.

Na shiga rumfar na durƙusa, na ce Baba ya ara mini awartakinsa. Ya miƙo a hankali. Na kama sabuwar kwalbar a wuya na matsa, na sake. Na ajiye ta kusa da ta tara a tafin mai unguwa. Tabo biyu, da ɗan layin giɓi a gefe guda, babu bambanci ko na gashi.

Baba Attahiru ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ni na ɗauke ta," ya ce. "Ku bar yaron mutane."

Sauran a hankali ya faɗe shi, kansa a sunkuye. Bayan ya dawo daga asibiti ya je taya Mairo noma na biyu, fartanya ta tono masa baƙar kwalba a toshe, da jan rubutu, a daidai iyakar da ake rigima a kanta. Me mutum zai ɗauka? Sammu ya ɗauka, an binne don gonar ta mutu. Bai gaya wa Mairo ba saboda tana da hawan jini, kuma ya san in ta ji sai ta tashi unguwa a kan Mas'udu. Su kuma maƙera tun kakanni sun gaji cewa ba a taɓa irin wannan da hannu, kuma in aka tura shi cikin tama kusa da wutar maƙera, ƙarfinsa mutuwa yake yi. Sai ya koma gida ya ɗauko awartaki, ya kawo kwalbar ya cusa a cikin buhun baƙin yashin da Mas'udu ya kawo masa tsaraba shekara biyu da suka wuce, don ya ga ya yi kama da tamar da ake narkawa a da. Ya ja buhun daga lungu ya mai da shi kujera, don kada jika ko baƙo ya taɓa. Kwana saba'in yana zaune a kai.

Ranar da aka yi sanarwa a masallaci cewa Dakta za ta zo kwashe kwalabenta, aka kwatanta su, sai gabansa ya faɗi. Ya maida ta raminta da sassafe, da ɗan yashin da ya manne mata, yana ganin magana ta ƙare. Da abin ya juye ya zama za a binne wake, kunya ta riƙe masa baki, kullum yana cewa gobe zai faɗa.

Mairo ta taso daga bakin zaure ta nufi mijinta.

"Malam, kai na? Ina kuka gabanka kwana goma sha biyu, kana ba ni haƙuri?"

"Ke kuma mi ya hana ki hwaɗa mini an binne abu gonarki?"

"Likita ya ce kar a tada maka hankali! Kuma na san ka, da ka ji abin gwamnati na, cewa za ka yi a tone."

Na tsaya a tsakaninsu da awartaki a hannu, takaici ya ishe ni. Shekara arba'in da ɗaya da aure, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa magana don tausayi, har sun kusa binne abincin shekara, sun sa an jefi gidan maƙwabci, ni kuma sun aika ni Tsafe a kan buhun albasa.

Dakta ta miƙe. Ta kunna na'urarta a gindin darbejiya, na'urar tana ƙyas, ta yi shiru, ta sake ƙyas. Dakta ta taka zuwa rumfar. Tun kafin ta kai ga buhun ƙarar ta haɗe, kamar ruwan sama a kan kwano. 'Yan kallon da na yi kwana huɗu ina roƙo su matsa, a ƙiftawar ido suka koma bayan masallaci.

"Baba, tashi daga kan buhun nan," in ji ta. "Yanzu."

Ya tashi. Ta sa aka zagaye rumfar da igiya, ta ce ma'aikatansu za su zo su ɗauke buhun, kuma Mas'udu zai nuna musu ramin da yashin ya fito, don kada wani ya ɗebo ya yi daɓe da shi. Mas'udu ya ce tun ranar da na nuna masa ledar ya gane, amma Baba abokin mahaifinsa ne, ba shi zai kira sunansa a gaban jama'a ba.

Mairo ta bar faɗa. Ta matso kusa da Dakta, muryarta ta sauka, ta tambaya ko zaman da ya yi a kai zai yi masa illa. Dakta ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, ba ta sani ba tukuna, za ta kai shi Gusau a duba shi, kuma a riƙa dubawa. Ni ma da na zo da fushi, tausayinsu ya kama ni.

*

Litinin kwamiti ya ga kwalabe biyu da awartaki da abin da na'ura ta nuna, ya janye maganar binnewa. Da sakamakon gwaji ya iso, wake da ƙasa duk lafiya lau. Aka kwance jan ƙyalle. Sai dai mutanenmu ba a cire musu abu daga rai da takarda. Rabi'u ya aiko cewa shi a shirye yake, amma sai ya ji Nahuce da kanta na cin waken.

Ranar Juma'ar da ta biyo Mairo ta aiko in zo. Bayan an sauko daga masallaci ta sa aka fito da tire biyu na ƙosai gindin darbejiya, na waken gonarta, da zafinsa da yaji a gefe. Mutane suka kewaye, kowa na yaba ƙamshi, kowa hannunsa a aljihu. Har na buɗe baki zan faɗa musu abin da ke raina.

Mas'udu ne ya ratso su. Ya durƙusa ya yi bisimilla, ya ɗauki biyu ya haɗa a baki, ya ce Inna gishiri ya yi daidai. Mairo ta kau da kai tana gyara mayafin da bai karkace ba, ta ce masa kunya biyun nan ya riƙe, ta gaji da maganarsu. Mai unguwa ya sa hannu, na sa, sai ga hannuwa ta ko'ina.

Baba Attahiru yana can ƙarshen tabarma, jiya aka dawo da shi daga gwajin farko, bai ɗago ya dubi kowa ba. Da tire ya iso gabansa ya miƙa hannu a hankali. Mairo ta janye tiren.

"Kai a kawo maka awartaki," ta ce, "tunda abin gonata tsoro yake ba ka."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya murmusa, idonsa ya ciko. Ta zaɓi guda uku manya daga ƙasan tire inda suka fi zafi, ta barbaɗa yaji, ta sa masa a tafin hannu da kanta, kuma ba ta bar wurin ba sai da ta ga ya cinye.